Fitilar Taga

A garinmu na bakin teku, can ƙuryar arewacin Norway,
rana takan yi yaji tun watan Nuwamba,
ba ta dawowa sai Janairu ya tsufa.
A tsakiyar wannan duhun nake buɗe gidan Eilert Mosvik,
ƙarfe goma na safe, fitilun titi na ci,
in share dusar ƙanƙara daga bakin ƙofa,
in jera tikiti, in jira baƙi.

Mota-mota suke zuwa, hanci ya yi ja wur,
su ga teburin da ya haifi labaran Kirsimeti goma sha ɗaya,
su ga alƙalami, su ga tabarau mai ƙafa ɗaya,
da kujerar da na kewaye da igiya don kada a zauna.
Sai su tsaya gaban bango, su karanta a hankali
maganar da ta kai sunansa inda ƙafarsa ba ta taka ba:
"Fitilar taga ba ta mai gida ba ce."

Tana jikin kofin shayi, tana jikin kati.
Magajin gari kan jawo ta duk shekara
idan jawabi ya fara ƙare masa.
Wani farfesa ya tatsi littafi guda
daga waɗannan kalmomi takwas.

Ni kuwa jikar Borghild ce,
wadda ta shekara ashirin da shida tana goge daɓen nan.
Ba hotonta a bango.
Ga yadda ta ba ni labarin, tana ɓare dankali:

Maigidan mutum ne mai ƙirga ashana.
Daren jajibere ya sauko da hular barci,
ya tarar da kyandir na ci a tagar kicin.
Ya ce, "Wa ke karatu a nan? Ɓeraye?"
Ita tana tuƙa kunun shinkafa, ko waiwaye ba ta yi ba.
Jirgin kamun kifin da ya tafi da mijinta Torleif
kwana tara ke nan, shiru.
Ta faɗi abin da ta faɗa, ta ƙara gishiri.
Ya yi jim. Ya hau bene.
Ta ji an ja kujera,
sannan ƙirt, ƙirt, alƙalami na tafiya har asuba.
Ƙarshen wata ya cire kuɗin kyandir daga albashinta.

Torleif ya dawo bayan kwana huɗu,
teku ta karɓe masa yatsu biyu.
Ta tambaye shi ko ya hango fitilar.
Ya ce, "Wace fitila? Hazo ne ko'ina."
Sun yi shekara arba'in suna dariyar wannan.

Ban tsani marubucin ba.
Na karanta shi ina yarinya, na jiƙa matashi da hawaye.
Mai rowar ashana, a kan takarda kogi ne.
Na taɓa ce mata, "Kaka, sata ce fa."
Ta ce, "Magana kyanwa ce, 'yar nan,
inda ake ba ta madara can take kwana.
Da ta zauna wurina, da tuni ta mutu a kicin."

Jiya wani yaro mai jar hula ya ja mini riga:
"Wace taga ce?"
Takardar jagora ta ce ta ɗakin karatu, ta sama.
Na dubi uwarsa, na dubi layin da ke bayansu,
na nuna masa sama.

Ƙarfe huɗu nake rufewa.
Hukuma ta hana wuta a gidan katako,
kyandir mai batir aka ba ni, harshensa na roba.
Nakan sauka da shi inda baƙi ba sa shiga,
tsohon kicin, inda kwalayen kofuna suka kai rufi,
in ture kwali biyu, in goge gilashi da hannun riga,
in ajiye shi yana fuskantar ruwa.
Babu wani nawa a teku bana.
Amma akwai jirage.